Kabewa a Ɗakin Amarya

Ranar da ɗauri na uku na kwanon rufi ya iso gidan Malam Bunyaminu a Geza, tun kafin a kwance wa jaki igiya Goggo Sabuwa ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida. Ita ce yayar mai gidan, kuma a gidan nan ko ƙullin daddawa ba a buɗewa sai da ita.

"Ku aje shi nan gabana," in ji ta. "Wancan karon anka manta da Inna ta Kurgu, har yau ba ta amsa min gaisuwa."

Malam Bunyaminu ya gyara zaman babbar rigarsa, ya yi gyaran murya. "Yaya, yaron nan fa cewa yay yi na ɗakinai na. Ɗakin aure."

"To wa yac ce ba nai na ba? Amma ɗa shi aiko kaya daga tahiya, dangi su zo barka, su koma hannu banza? Ba a gidanmu ba. Ɗai-ɗai za a ba su, sauran a aje ma ɗaki."

Kafin a kira la'asar babu sauran.

Mai aiko da kwanon shi ne Na'Allah, babban ɗan Malam Bunyaminu. Shekararsa ta uku ke nan a Faraku, cikin ƙasar Dahome, yana dako a tashar jirgin ƙasa. Abin da ya kai shi can kuwa Sakinatu ce, 'yar Ma'azu mai gishiri. An yi musu baiko, an raba goro, sai Ma'azu ya ce 'yarsa ba za ta tare a ɗakin ciyawa ba. Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan ba. Tun da samarin yankin suka fara ƙetare iyaka suna aiko da kuɗi, gida biyu suka yi rufin kwano a Kurgu, ƙauyen da ke kusa da su, daga nan duk uban da ke da 'ya ya ga tasa ma ai ta isa.

A shekarar farko kuɗi Na'Allah ya riƙa aikowa. Kuɗin suka ta da bango huɗu, sauran suka zama babbar riga, da ragon layya, da goron da Malam Bunyaminu ke rabawa a ƙofar masallaci yana ta amsa "Allah shi ƙara buɗi". Da labari ya kai Faraku, Na'Allah ya yi dabarar da yake gani ta masu hankali ce. Ya daina aiko kuɗi, ya koma sayen kwanon da kansa, don a ganinsa kwano dai ba mai iya cinye shi. Abin da ya manta shi ne a Geza duk abin da matafiyi ya aiko sunansa tsaraba, kuma mutanen Geza ba su san tsarabar da ba a rabawa ba.

Ta haka garin ya waye da amfanin kwano iri-iri wanda ko masu ƙera shi ba su sani ba. Goggo Sabuwa ta yi ƙyauren turken awakinta da shi. Wani kawu yana shanya barkono a kan nasa. Malam Atiku, mai rubuta wa mutane wasiƙa, ya kare allunan ɗalibansa daga ruwa. Shi kuwa Malam Bunyaminu ya kafa rumfa a ƙofar gida, yana wuni a ƙarƙashinta yana zufa, don kwano da rana ba sa shiri, amma bai taɓa yarda ya koma gindin bishiya ba. Gonarsa ta bakin fadama shekara biyu ba ta ga fartanya ba. Mutumin da ɗansa ke Dahome, in ji shi, bai kamata a gan shi a duƙe ba. Da yake iyaye da yawa sun yi wannan ra'ayi, gero ya yi tsada a kasuwar Bagudo, kowa kuma yana ɗora laifin a kan 'yan kasuwa.

A kakar shekarar da aka sami mulkin kai, Ma'azu ya gaji. Ya dawo daga kasuwa ya tarar da Sakinatu tana surfe, ya kira matarsa Mairama, ya yi maganar da ƙarfi yadda 'yar za ta ji.

"Shekara ukku ɗiyata na zaune. Sa'o'inta duk sun yi goyo. Na aika ma Bunyaminu yau, gaban shaidu: in ruwan shuka yas sauka ɗakinga ba shi da kwano bisa, in mai da musu kayan baikonsu, kowa shi huta."

"Malam, yaron nan shina ƙoƙari," in ji Mairama.

"Shina ƙoƙari, ubanai na shan inuwa. Na gama magana."

Sakinatu ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da surfen har geron ya fara komawa gari, hawaye na ɗiga cikin turmi. Tana son Na'Allah, so na gaske, tun lokacin da yake zuwa sayen gishirin da gidansu ba sa buƙata don kawai ya ji ta ce masa sannu. Ta kuma san inda kowane falle na kwanon ya shiga, don duk garin an sani. Sai dai yarinyar da aka yi wa baiko ba ta da baki a kan gidan surukai. Ko sunan Malam Bunyaminu ba ta iya faɗa, in ta hango shi a hanya sai ta kauce ta bi bayan gari. Balle ta je ta tambaye shi ina rufin ɗakinta.

Shi kuwa Malam Bunyaminu, da saƙon Ma'azu ya same shi, Malam Atiku ya aika a kira. Suka zauna a ƙarƙashin rumfar, aka fito da tawada da alƙalami.

"Rubuta mai: bayan gaisuwa, aiki ya yi nisa, saura kaɗan. Shi ƙaro ɗauri guda."

Malam Atiku ya tsaya da alƙalami a sama. "Ba a hwaɗa mai zancen Ma'azu?"

"Ka san halin yara. In yaj ji, sai shi bar aiki shi taho. In yat taho, wa ka aiko muna? Ma'azu barazana ta kawai shika yi."

Malam Atiku ya tuna da allunansa da ba sa jiƙewa, ya tsoma alƙalami ya rubuta "saura kaɗan" da kyakkyawan hannu. Wannan ita ce wasiƙa ta huɗu da ya rubuta da waɗannan kalmomi, har hannunsa ya saba.

Ɗakin da ake magana a kansa yana gefen gidan, ta wajen hanyar rijiya. Bango huɗu ne masu kyau, da ƙofa, da taga, sai sararin Allah a sama. Da damina Hamsatu, mahaifiyar Na'Allah, ta lura cewa shi kaɗai ne wurin da awaki ba sa iya shiga, sai ta shuka kabewa a ciki. Kabewar ta ji daɗin wurin. Ta cika ɗakin, ta hau bango, ta leƙo ta taga, har ɗaya ta yi 'ya a waje tana reto a kan hanya. Kullum Sakinatu za ta rijiya sai ta wuce ta, kullum kuma sai ta ji kamar dariya take mata.

Wata safiya ta ajiye tulu, ta duba gabas da yamma, ta tsinke ta, ta rufe da mayafi. Daga baya ta ce wannan ce sata ɗaya tak da ta taɓa yi a duniya, kuma ta nemi yafiya.

Ta ɓoye kabewar a ƙarƙashin gadon mahaifiyarta tana jiran Manu. Manu shi ne mai kwalekwalen da ke ɗauko kaya daga gaɓar Dahome, ya biyo kogi ta Dole Kaina, ya sauke, a ɗora wa jakuna. Shi ke kawo kwanon Na'Allah, shi ke kawo wa Ma'azu gishiri. Ya san komai, amma bai taɓa faɗa ba, don ya ce shi kaya aka ɗauke shi ya kai, ba magana ba. A wannan shekarar ya daɗe bai zo ba. Ƙasashen biyu sun sami mulkin kai, kowace ta ajiye 'yan kwastan a bakin ruwa, su kuma sababbin ma'aikata suna son a san suna aiki. Sai da rani ya yi nisa Manu ya bayyana.

Sakinatu ta tare shi a bayan rumfar gishiri, ta durƙusa.

"Baba Manu, saƙo gare ni."

"Na wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na... shi."

"Shi wa? Mutum nawa ka Faraku." Manu ya sani sarai, tsokana ce kawai. Ya karɓi kabewar ya jinjina. "Wagga ita ta tsarabar? Ba ko ɗan ƙuli?"

"Ka ba shi. In yat tambayi inda tat tsiro, ka hwaɗa mai gaskiya. Kuma ka hwaɗa mai abin da Baba yac ce kan ruwan shuka."

"Ɗiyata, ni ba ni kai magana."

"To ai kabewa za ka kai. Tambaya in anka yi maka, amsawa za ka yi, ba kai magana ba na."

Manu ya daɗe yana kallonta, sannan ya tura kabewar cikin buhu. Ya ce a duk shekarunsa a kan ruwa ba a taɓa ɗaure shi da kabewa ba sai yau.

A Faraku, Na'Allah yana zaune da 'yan uwansa leburori shida a ɗaki ɗaya bayan tasha. Da Manu ya iso, ya miƙa masa wasiƙa, aka nemo mai karatu ya karanta. Na'Allah ya yi ajiyar zuciya, ya ce to, saura kaɗan ɗin dai. Sai Manu ya fito da kabewa ya ce daga Sakinatu. Nan fuskar Na'Allah ta washe. Ya zaga da ita ɗaki yana nuna wa kowa, ya ba mai tuwon tasha ta yi musu miyar taushe, aka zauna aka ci, Manu ya fi kowa loma. Sai da aka siɗe kwano Na'Allah ya jingina da bango.

"Baba Manu, wagga kabewa da zaƙi take. Gonar wa ta?"

Manu ya wanke hannu a nitse. "Tunda ka tambaya. Cikin ɗakinka tat tsiro."

"Wane ɗaki?"

"Na aurenka. Tsakar ɗaki, daidai inda za a aje gado. Wuri na mai kyau, rana na shiga, ruwa na shiga."

Leburori suka fashe da dariya, sannan suka dubi fuskar Na'Allah suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Manu ya kwashe sauran labarin ya faɗa masa, har da wa'adin Ma'azu. Na'Allah ya miƙe. Ya fita ya tsaya a bakin layin dogo yana kallon buhunan da gobe zai ɗauka, ya ji baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, don waɗanda suka yi masa wannan su ne waɗanda ba shi da ikon yi wa fushi. Washegari ya naɗe tabarmarsa ya bi Manu.

Ya shigo Geza da hantsi, zafin bazara ya kai matuƙa, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Tun daga bakin gari ya fara gamuwa da kayansa. Ya san su, don kowane falle sai da ya sa masa alama da jan fenti kafin ya aiko. Ga ɗaya ya zama ƙyauren awaki. Ga ɗaya an lanƙwasa shi an yi magudanar ruwa. Ga wani an jingina shi ana makewayi a bayansa. Duk wanda ya gan shi sai ya taso da murna. "Na'Allah, sannu da hanya, mun ga saƙo, Allah shi yi albarka." Shi kuma yana amsawa da "wi, wi" irin ta mutanen Dahome, wato "i, i" da Faransanci, don ita kaɗai ke iya fita daga bakinsa ba tare da ya yi kuka ba.

Ya sami mahaifinsa a ƙarƙashin rumfa, ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Bunyaminu ya yi murna, ya kuma tsorata, duka a lokaci ɗaya.

"Lahiya kat taho ba sanarwa?"

"Lahiya lau, Baba. Na taho ganin ɗaki."

"Ai... saura kaɗan. Dangi na, ka san dangi. Ka huta kwana biyu ka koma, shekara guda kawai. Ni zan lallashi Ma'azu."

Na'Allah ya leƙa rumbun gidan kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa. Babu komai a ciki sai wata kaza da ta sami wurin ƙwai.

Da la'asar ya je gaida Ma'azu. Ma'azu ya karɓe shi da mutunci, ya ce yana tausayinsa, amma magana ya yi gaban shaidu, ba zai lashe ta ba. Ya dai bari Sakinatu ta fito zaure. Shekara uku ba su ga juna ba. Ta zauna can nesa, ta juya masa gefen fuska.

"Ka rame," in ji ta.

"Ke ma. Na ci kabewa, madalla."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya, hawaye na zuba. "Ni ko ɗakin kara na, na yarda. Baba na bai yarda ba. Ba za ka iya roƙonsu su maido ba?"

"In bi gida-gida in ce ma iyayena su maido tsaraba? Da wane baki, Sakinatu? Har jikokinmu sai an yi musu gori."

"To mi za ka yi?"

"Ba ni komawa, wannan na sani. Zan ɗora azara bisa bangon, in share gonar Baba. Sauran na bar ma Allah."

"Ni ko ina nan," in ji ta. "Ko an mai da kayan, ina nan."

Washegari ya fara ɗebo azarar giginya daga fadama, shi kaɗai, a ka. Mutane suna kallo suna cewa lalle ɗan Bunyaminu ya ƙware, ji yadda yake tafiya da kaya ko riƙewa ba ya yi. A sawu na uku, daidai ƙofar Goggo Sabuwa, azara ta goce ta tafi da hularsa. Goggo tana zaune tana tsinkar zogale, ta ɗaga ido, sai hannunta ya tsaya.

Tsakiyar kan Na'Allah babu gashi ko ɗaya. Fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kanta, ta kumbura, ga tabon tsofaffin gyambo a gefe.

"Zo nan. Mi as same ka ga kai?"

Ya yi sauri zai mai da hular. "Ba komi, Goggo. Buhu na."

"Wane irin buhu?"

"Na siminti, na gyaɗa, na gishiri. Daga jirgi zuwa lori, tun asuba. Duk wanda yay yi shekara biyu hakanan kainai ka zama."

"Duk wanda...?" Muryarta ta sauka. Ita ma tana da ɗa, Lauwali, shekara bakwai yana Kumasi, yana aiko mata da atamfa da turare, ita kuma tana aika masa cewa ya ƙara haƙuri. "Har su Lauwali?"

"Su da ka ɗaukar koko, Goggo, nasu ya hi namu."

Goggo Sabuwa ta sa hannu ta shafa kan, kamar yadda take yi masa yana jariri. A duk zamanta ta ɗauka a can ƙasashen kuɗi ne ke yawo, yaro ya miƙa hannu ya kama. Ba ta taɓa tambaya ba, ba a kuma taɓa gaya mata ba. Ta yi kuka sosai, a bakin ƙofa, ba ta damu da masu wucewa ba. Da ta gama ta fyace hanci, ta ɗaure zane a ƙugu, ta nufi turken awaki ta fizge ƙyauren. Awaki suka watse cikin gari, ko waiwayarsu ba ta yi ba.

Abin da ya biyo baya, tsofaffin Geza sun daɗe suna ba da labarinsa. Matar da ta raba kwanon ita ce ta fita karɓo shi, nata a ka, kuma babu gidan da ta manta. In ta isa ƙofa ba ta sallama mai tsawo.

"Ni da nike goggonai na maido nawa. Kai wa kake?"

Kawu mai barkono ya ce tsaraba ai ba a mayarwa. Ta ce, "Ni nib ba ka, ni ka karɓa, je ka kai ƙarata." Ta juye barkonon a kan tabarma ta wuce. Malam Atiku yana hango ta ya cire nasa da kansa, ya tare ta da shi a hanya, yana cewa dama yana da niyya. Mai makewayi ya roƙi a ba shi zuwa gobe, ta ce ya nemi zana. Har Kurgu ta aika, Inna ta can ta maido nata tare da saƙon cewa yanzu kam an daina gaisawa har abada.

Rumfar ƙofar gida ce ta ƙarshe. Goggo ta ja Na'Allah har gaban mahaifinsa, ta cire masa hula da hannunta.

"Bunyaminu, dibi inuwar da kaka sha."

Malam Bunyaminu ya duba. Sannan ya tashi, ya tuɓe babbar rigar ya ninke, ya shiga gida ya fito da guduma. Da kansa ya hau ya cire ƙusoshin. Da ya sauko bai iya haɗa ido da ɗansa ba.

"Na san in ɗakin yak ƙare za ka dawo," in ji shi a hankali. "Na ji tsoron komawa gona, shi ya sa. Ka yahe min."

"Baba, ba komi," in ji Na'Allah, ya durƙusa. Kunyar ganin mahaifinsa a haka ta fi masa ciwon kan zafi.

Aka ɗauko kafinta daga Bagudo. Ya dubi tarin kwanon, wani a lanƙwashe, wani da ramukan ƙusa, wani yana warin awaki, ya ce shi tun da ya koyi aiki bai taɓa rufa ɗaki da kayan gari guda ba. Kwana biyu ana bugu, ana toshe ramuka da tsumma da kwaltar da Manu ke liƙe kwalekwale. A rana ta uku da azahar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa, kafinta ya leƙo daga sama ya ce kwano ya ƙare, ga kusurwa ɗaya a buɗe.

Daidai lokacin Ma'azu ya iso da shaidunsa biyu, ya zo duba aiki. Ya zaga ɗakin, ya shiga, ya ɗaga kai ya ga sama ta kusurwar.

"To, jama'a, kun gani da idonku. Ga ruwa nan tahe, ɗaki bai ruhu ba. Ni ba ni da laihi."

Na'Allah ya dubi kusurwar, ya dubi hadarin. Goggo Sabuwa kuwa tana tsaye ta runtse ido, tana bin gidajen garin a zuciyarta ɗaya bayan ɗaya. Sai ta buɗe ido.

"Ma'azu, mi ka bisa rumfar gishirinka?"

Ma'azu ya yi tari. "Wannan ai... gaisuwar surukai ta. Ke kik kawo min da hannunki, bara."

"Ni ta. Kai kuma kak karɓa da hannu biyu, ka san ko na mi na. Ashe shekara guda kana riƙe da ruhin ɗakin ɗiyarka, kana kirarin wa'adi."

Shaidun biyu suka juya suna kallonsa. Ɗaya ya ce, "Malam Ma'azu, mu dai shaidu na, abin da munka gani shi za mu hwaɗi."

Ba a taɓa ganin Ma'azu yana gudu ba sai ran nan. Ya tafi, ya dawo da fallen a ka, iska na neman tashi da shi, rawaninsa ya warware yana binsa a baya. Aka miƙa wa kafinta. Yana buga ƙusa ta ƙarshe ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon, ya yi ƙara, sannan ruwa ya tsuge. Duk suka ruga cikin ɗakin, har da Ma'azu, suka tsaya a cunkushe suna kallon sama. Wuri uku yana yoyo, aka tara ƙwarya. Ma'azu ya ce yoyo ba ya cikin sharaɗi.

A can gida, gishirinsa na buhu biyu ya narke a rumfar da ba ta da rufi. Sakinatu ce ta kwashe sauran zuwa zaure, tana yi tana dariya tana kuka, ruwa na dukanta.

Bayan sati biyu aka ɗaura aure. A wannan daminar an ga Malam Bunyaminu a gonar bakin fadama shi da ɗansa, yana noma yana ƙorafin baya. Goggo Sabuwa ta sa Malam Atiku ya rubuta wa Lauwali wasiƙa, ta tsaya a kansa har ya gama, ta kuma kai wa wani malamin ya karanta mata don ta tabbata abin da ta faɗa ne aka rubuta: atamfa ta ishe ta, shi take son gani.

Samarin Geza ba su daina tafiya ba, kuɗi kuma ba su daina zuwa ba, kuma ba laifi ba ne su zo. Sun rufa ɗakuna, sun sayi shanun noma, sun ɗaura aure da yawa. Amma ku da kuke gida kuna karɓa, ku riƙa tambayar yadda aka samo, ku sa abin a inda mai shi ya ce a sa, kada kuma ku ajiye fartanya don wani yana can yana ɗaukar buhu. Sakinatu ta yi haƙurin shekara uku, ba ta ɗaga wa babba murya ba, ba ta kuma zauna ta bar gaskiya ta ruɓe ba, Allah ya ba ta wanda take so. Na'Allah ya rayu ya ga jikoki a wannan gida, amma gashin tsakiyar kansa bai sake fitowa ba har ya koma ga Allah.